Totur da Esin Ɗakin Inna

Ranar da za a sallamo Inna daga asibiti, ranar esin ɗakinta ya ga damar yin yaji.

Da safe na shiga in canja zanin gado, na danna rimot don ɗakin ya fara ɗaukar sanyi. Ya yi ƙararsa yadda ya saba, ya buɗe baki, amma iskar da ke fitowa ko labule ba za ta motsa ba. Na miƙa hannu. Kamar numfashin jariri, shi ma ɗumi-ɗumi. Na ce innalillahi, yau kuma.

Inna mahaifiyata ce, a wurina take tun rasuwar Baba. Ciwon zuciya ne ya kwantar da ita, kuma likita ya ce in ta koma gida kar a bar ta cikin zafi. Zafin bana kuwa ba ya jin bari. Yayana, wanda kowa ke ce wa Yaya, ya daɗe yana so ya ɗauke ta ya kai ta gidansa can ƙarshen gari, saman bene, inda shi da matarsa ke fita aiki tun safe su bar gida da talabijin. Inna ba ta so, ni ma ba na so. To amma tun zuwansa na baya ya ce iskar esin nan ba ta yi masa ba, ga shi likita ya ba shi abin kamawa.

"Zan ɗauko ta bayan la'asar," in ji shi jiya a waya. "Da kaina zan shiga ɗakin. In na ji sanyi, ta sauka. In ban ji ba, ko ƙafa ba za ta sa a ƙasa ba, mu wuce gidana."

Na san Yaya. In Inna ta hau benen nan, ba mai sauko da ita.

Na kira mai gyaran esi. Ya ce yana kan rufin wani gini a wata unguwa, aiki ya sha masa kai, sai jibi. Na ce jibi ai an yi an gama. Ya ce in yi haƙuri. Na ce haƙuri ba ya sanyaya ɗaki, na kashe waya, na leƙa tsakar gida na kira Malam.

Malam shi ne baban yara. Makanike ne, amma a gareji ba mai ce masa Malam, Totur suke ce masa, tun zamanin da yake tseren mota. Irin tseren nan na motoci biyu a jere a tsohon filin jirgi, hanya miƙe ɗoɗar ba kwana, a sauke tuta, kafin ka gyara tsayuwa an gama. Ya bari da daɗewa, furfura ta cinye masa gemu, amma har yau in ya ji ƙarar inji mai kyau sai kunnensa ya tashi kamar na zomo.

Ya shigo yana goge hannu, ya tsaya ƙarƙashin esin ya karkata kai.

"Inji lafiya," in ji shi. "Ba ya ja ne kawai."

"Ni ma na san ba ya ja. Me ya hana shi?"

"Bari in kira Salansa."

Na ce a raina yau ake yin ta. Salansa abokinsa ne tun na tsere, ƙato, ƙarar inji ta taɓa masa kunne, shi ya sa in yana raɗa ana ji daga bakin titi. Bai daɗe ba sai ga shi da jakar sifanu.

"Matarmu, ina kwana. Ina marar lafiyar?"

"Ga shi can a bango. Don Allah ku lallaɓa shi, ba mota ba ce."

"Duk abin da ke da inji mota ne," in ji shi. "Wannan dai an hana shi taya."

Ni na fara da abin da na sani. Na cire batiran rimot na sa na agogon bango. Ba canji. Na duba ko jikokina sun danna shi ya koma kan zafi, don sun taɓa yi. Alamar sanyi ce a jiki. Malam ya je akwatin wuta ya sauke makunnin ya mayar. Wuta ƙalau. Muka zagaya bayan ɗaki inda akwatin waje yake, fankarsa na juyawa tana huro iska. Salansa ya kara kunnensa mai ɗan dama a jiki, ya lumshe ido.

"Wannan ƙarar," in ji shi, "ta tuna min jar motar nan taka, ranar da ka tashi kafin tuta."

"Ban tashi kafin tuta ba."

"Tuta na sama ka saki kuloci. Kowa ya gani."

"Tuta na sama kai kana gyara hula. Ni na sa ka sa hula a tsere?"

"Da mun tashi tare da ko hayaƙina ba ka gani ba."

"Hayaƙinka ai kowa ya gani, shi kaɗai ya kai ƙarshen fili."

Wannan gardamar ta girmi autata, kuma autata har ta yi aure. Na bar su da ita na duƙa ina duba bututun da ya fito daga bango. Fari fat, kamar an barbaɗa masa gishiri. Na taɓa, ƙanƙara ce.

"Malam, zo ka ga. Sanyin yana nan, bai dai shiga ɗaki ba."

Salansa ya taɓa ya ce, "To mai yana zuwa, iska ce babu. In mota ce sai in ce filta ta toshe."

"Ba filta ba ce," in ji Malam, da sauri.

"Ka duba?"

"Ba sai na duba ba."

Na kalle shi. Na daɗe da mutumin nan, na san muryarsa in ya ɓoye abu a bayan gemu. Na koma ɗaki, na kashe esin, na jawo kujera na hau, na ɗaga murfin gaba. Abin da na gani, sai da na riƙe bango. Ƙanƙara ce curi guda daga wannan gefe zuwa wancan, ta haɗe da wani abu toka-toka kamar tsohon bargo. Na tsinko kaɗan na murza. Auduga ce da ƙura. Ni filo nake ɗinkawa ina sayarwa, kuma a ɗakin nan nake cusa auduga, don in taya Inna hira in kuma sha sanyi.

Salansa ya leƙo ta bayana. "Ina ragar da ke nan? Ai ya kamata a ce akwai raga a gaban ƙarafan nan, ita ke tare datti."

Malam yana kallon silin.

"Totur," in ji Salansa. "Ba dai ka yi ba."

"Inji yana son numfashi."

"Ka cire wa esi filta."

"Kai ba ka cire wa taka ba ranar tsere? Wa ya koya min?"

"Wannan na ɗan lokaci ne, a gama a mayar. Kai ka bar shi yana haɗiyar audugar matarmu tun yaushe?"

Nan dai magana ta fito. Farkon zafi Inna ta yi ƙorafin iska ta ragu. Malam ya buɗe ya ga raga biyu sun yi baƙi. Maimakon ya wanke, sai jinin tsere ya motsa, ya ce ai waɗannan su ke shaƙe shi, ya zare su. Haka yake yi wa mota in za a tsere, duk abin da ke rage gudu sai ya fita. Akwai shekarar da ya cire kujerar baya, a kan bokiti na zauna muka kai yaro allurar rigakafi. Da ya zare ragar, iska ta taso da ƙarfi har ta ɗage wa Inna ɗankwali, ita kuma ta ce Allah Ya yi masa albarka.

"Tun da na auri 'yarta," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "ranar ce kaɗai ta yabi aikina."

Na so in yi faɗa, amma na fasa. Inna har yau mai tseren nan take ce masa.

Ya zaro sukundireba ya ce in sauko ya farfasa ƙanƙarar, yanzun nan a gama. Na ce ya tsaya tukuna. Na sake kiran mai esi, na gaya masa abin da muka gani.

"Hajiya, kar kowa ya sa ƙarfe a wurin," in ji shi. "Akwai siraran bututu a ciki, in aka huda ɗaya gas ya tsere, ko ni sai na wuni a kai. Ki sa shi a fanka kawai, ban da sanyi, ki bar ƙanƙarar ta narke don kanta. In ta narke ki share ƙarafan da buroshi mai laushi, daga sama zuwa ƙasa. Ki wanke ragar ki mayar. Ragar na nan dai ko?"

Na kalli Malam. Ya ce ya jingine su a bayan ƙofar kicin, daga baya bai ƙara ganinsu ba.

"Baƙaƙe ne?" na ce. "Masu ɗan lanƙwasa, ramukansu ƙanana kamar na rariya?"

"Su ne."

Na ce wa mai esi suna nan, na kashe waya. Ni na tsince su ranar shara. Na ga abu mai kyau an yar, ni kuwa ba na yar da abu. Inna na da na'ana'arta a tukwane biyu a tsakar gida, da ita take shan shayi kullum, kaji sun hana ta sakat. Sai na kifa ragar a kan tukwanen na ɗaure da waya. Tun daga ranar na'ana'a ta yi kyau, har maƙwabta na tambayar inda na sayi murfin.

Salansa ya zauna a ƙasa yana dariya har da riƙe ciki. "Miji ya cire, mata ta shuka. Allah Ya bar ku tare."

Muka sa shi a fanka, na jera robobi a ƙasa, na shimfiɗa tsofaffin tawul. Ruwa ya fara ɗiga, ɗis, ya huta, ɗis. Na lissafa a raina, in Allah Ya so kafin la'asar ta narke. Na kwance ragar na wanke da sabulu na jingine a rana. Na yi alwala, na yi azahar, na roƙi Allah Ya sassauta wa ƙanƙarar nan zuciya.

Ina shafa addu'a waya ta yi ƙara. Yaya ne.

"An sallame mu da wuri. Tasi zan nema, mu taho yanzu. Esin yana aiki?"

Na kalli bango. Ƙanƙarar ko rabi ba ta narke ba. Ni ba na ƙarya, balle da ɗanyar alwala.

"Ana kan gyaransa, Yaya."

"To. Za mu biyo, in gani da idona."

"Kar ka nemi tasi. Ka san kujerunsu, ga zafi. Malam zai zo ya ɗauko ku, motarsa da sanyi."

"Mai tseren?"

"Ya tuba tun kafin ka fara sa tabarau."

Da ƙyar ya yarda. Na fita na sami Malam har ya ɗauki makulli, yana murza wuya kamar wanda za a sauke wa tuta.

"Kafin ki rufe ido na kawo su," in ji shi.

"Shi ne abin da ba na so. Ka je yadda ka saba, kar su gaji da jira. Amma dawowa, Malam, tafiyar hawainiya nake so. Mai ciwon zuciya ka ɗauko, ba a girgiza ta. Kar ka yi wa Yaya ƙarya ko ɗaya. Ka dai bi doka, duk dokar da aka taɓa rubutawa, har wadda aka manta."

Ya tsaya da makulli a hannu. "Ni?"

"Kai."

"Mutane sun san motata a garin nan."

"Yau za su ƙare mata kallo da kyau," in ji Salansa. "Giya ɗaya, Totur. In ka ji ƙafarka na ƙaiƙayi, ka tuna raga."

Ya juya ya fita.

Daga nan aiki ya koma ni da Salansa. Na kawo fankar ƙasa daga ɗakinmu muka ɗora a kan tebur ta fuskanci esin. Ƙanƙara ta fara saki, wani ɓari ya faɗo cikin roba, wani ya faɗo cikin wuyan rigar Salansa, ya yi wata rawa da ban san ƙato na iyawa ba. Ina zubar da ruwa ina dawo da roba. Da ƙarafan suka fito, na ɗauko buroshin haƙorin Malam, don adalci, na hau kujera. Ƙarafan siri-siri ne, sun fi reza laushi, in ka matsa su lanƙwashe. Sama zuwa ƙasa, sama zuwa ƙasa, auduga na fitowa jiƙe kamar gashin tsohuwar mage. Salansa na riƙe da kujera yana ba ni labarin yadda ake ɗumama taya kafin tsere, a tsaya wuri ɗaya a murza ta har ta yi hayaƙi don ta kama ƙasa.

"Tayar da aka saya da kuɗi?" na ce.

"Sabuwa ma."

"Allah Ya shirye ku."

"Amin, ai Ya fara da Totur."

Hannuna ya yi tsami, wuyana ya ƙage. Ladan ya kira la'asar ba su iso ba. Daga asibiti zuwa gidanmu ba wata tafiya ba ce, ko da ƙafa da an kusa. Na gama shara, na goge ruwan, na ɗauko raga sun bushe, na zura su suka shige ƙwas kamar ba su taɓa fita ba. Na rufe murfi, na yi bismilla, na danna sanyi.

Ya yi shiru kamar yana shawara. Sai akwatin waje ya ɗauka. Iska ta taso, labule ya motsa. Na sa hannu, na bar shi a wurin. Tana sanyi, kaɗan-kaɗan tana ƙaruwa. Na ce alhamdulillahi, na rufe taga da ƙofa, na yi sallata a cikin ɗakin.

Ina sallamewa na ji mota a ƙofar gida, ba ƙara, kamar ana turo ta. Salansa ya leƙa ta taga ya ce, "Ga amarya nan."

Yaya ne ya fara shigowa, shi kaɗai, kamar yadda ya ce. Ya tsaya tsakiyar ɗaki. Gaskiya ɗakin bai gama yin sanyi ba, bango na riƙe da zafin wuni. Ya ɗaga hannu saitin esin, ya kalli robobin da ban kai ga kwashewa ba, da tulin jiƙaƙƙiyar auduga.

"Wannan fa?"

Na gaya masa duka, daga raga har na'ana'a. Fuskarsa ta ɗaure.

"Wato da hannunsa ya lalata shi. A ɗakin mai ciwon zuciya. Ke kina ganin nan ne wurin da zan bar..."

"Matsa min in wuce."

Inna ce a bakin ƙofa, ta dafa hannun Malam, ɗaya hannun da sandarta. Ba ta jira an ce ta fito ba.

"Inna, ai na ce ki zauna a mota tukuna."

"Na zauna. Tun azahar nake zaune a motar nan. Mai turin baro ya wuce mu, ya sauke kayansa, ya dawo ya tambaya ko a tura mu." Ta ƙarasa bakin gado ta zauna, ta ɗaga fuska iskar na bugunta. "Ragar kuma da kake faɗa a kai, ni na ce iska ta yi min kaɗan. Ya yi abin da ya iya. Kai da na gaya wa kafin shi, ce min ka yi in sha ruwa."

Yaya ya gyara tabarau. Ya sake ɗaga hannu saitin esin, ya daɗe a haka. Iskar yanzu har tana kaɗa masa hannun riga.

"Tuƙinsa dai ba laifi," in ji shi, kamar ana cire masa haƙori. "Ko rami ɗaya ba mu faɗa ba. Har kare ya tsaya wa."

"Karen a kwance yake gefen titi," in ji Inna. "Ba shi da niyyar tsallakawa."

Malam na tsaye jikin ƙofa, rigarsa ta jiƙe sharkaf duk da sanyin mota. Salansa ya raɗa masa, wato kowa ya ji, "Wani ya gan ka?"

"Yaran gareji. Sun bi ni da ƙafa suna gaishe ni."

Yaya ya sauke hannu. Ya ce zai riƙa zuwa duk mako ya buɗe murfin da kansa ya ga raga, kuma audugata ta bar ɗakin nan. Na ce na ji na yarda. Ya fita ya shigo da jakar Inna da ledar magunguna, ya ajiye a kan tebur. Da na ga jakar nan ta taɓa tebur, sai a lokacin na samu na zauna a ƙasa.

Inna ta jingina da filo ta ce, "To, a dafa min shayi. Da na'ana'ata. Kwana da kwanaki ina shan ruwan zafin asibiti."

Na tashi na leƙa tsakar gida. Tukwane biyu na nan, ƙasa a tone, ko ganye ɗaya babu. Kaji na kwance a inuwa, cikinsu ya yi tulu, ko kunya.

Na dawo na faɗa mata. Ta kalle ni, ta kalli esin, ta kalli Malam.

"Kai, mai tsere."

"Na'am, Inna."

"Masu ganye na bakin kasuwa sun kusa tashi. Ka samo min mai saiwa, a sake dasawa." Ta gyara ɗankwali. "Kuma wannan karon ina so in sha shayin yau, ba na gobe ba."

Ba ta rufe baki ba ya ɓace. Muka ji inji ya yi gurnani, taya ta yi ƙara a ƙofar gida, Yaya ya dafe kai.

Salansa ya nuna taga da yatsa. "Kun dai gani da idonku. Haka ya yi min. Tuta na sama."